Ƙunshin Sallar Bana da Hannun Hagu

Assalamu alaikum warahmatullahi, Inna.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, irin wadda 'ya take yi wa mahaifiyarta tana durƙushe a bakin ƙofar ɗaki, ina fata kina cikin rahamar Ubangiji, makwancinki da yalwa da haske. Mu nan lafiya lau. Ruwa ya sauka, an yi shuka, gero ya tsiro a gonar bayan gida, Baba kuma yana nan yana fama da awakin maƙwabta. Na san wannan saƙo ba zai iske ki ba. A waya zan sa shi, wasu ne za su karanta. Amma akwai labarin da ya cika mini ciki tun ranar Sallah, kuma babu wanda ya kai ki cancantar jin sa.

Kin tafi kin bar ni hannuna bai warke ba. Tun ranar da babur ya kayar da mu a hanyar Kunci muna dawowa daga biki, hannun dama bai koma yadda yake ba. Ƙashi ya haɗe, amma jijiya ta ƙi. Da na riƙe abu siriri sai yatsu su kama rawa. Ni kuwa duk ƙauyen nan Rabi mai ƙunshi ake ce mini. Ke kika koya mini yanka salatif da reza a bayan faranti tun ina ƙarama, kuma kin san yadda tsakar gidanmu take cika da mata ranar jajibirin Sallah, har sai mutum ya tsallake ƙafafu kafin ya kai madafi.

Sallar farko bayan haɗarin na ce sai na gwada. Zulai 'yar Gwaggo ta miƙo mini hannunta don ta ƙarfafa mini gwiwa. Rezar ta yi ta zamewa, fulawar ta fito kamar kaza ta taka. Ta ce ai ya yi kyau, amma na hango ta a bakin rijiya tana wanke shi tun bai kama ba. Kina zaune a kan turmi kina kallo. Sai kika miƙo mini kofin kunu.

Da ciwonki ya yi nauyi, wata rana na kawo miki ruwa sai na ji kina yi wa Baba magana, na tsaya a bayan labule. "Malam, ni ba ciwon ne damuwata ba, Rabi ce. Sana'ar hannunta ce gatanta, ga shi hannun ya tafi." Da wannan damuwar kika koma ga Allah, Inna. Ni ma da ita na zauna, tana ci na a hankali.

Kin tuna Binta, ƙawata da take koyarwa a firamaren garinmu? An tura su wani horo a birni, ta dawo da kwamfuta irin ta ɗorawa a cinya. Bayan an yi sadakar arba'in ɗinki ta riƙa zuwa da yamma tana taya ni zama. Ran nan ta buɗe wata manhajar zane ta ajiye a gabana. Na ce mata kada ta yi mini ba'a, hannun da ya kasa riƙe reza ne zai yi zane? Ta ce, "Wannan ba ruwansa da rawar hannu. Ki ajiye ɗigo nan, ki ajiye wani can, shi zai ja miki layin."

Bari in kwatanta miki yadda za ki gane. Kamar a kafa turaku ne a gona a ɗaura igiya a tsakaninsu. In layin ya karkace, ba sai an goge an sake ba, turken kawai za a matsar. In ana son ya lanƙwashe kamar ganye, sai a kama shi a ja a hankali har ya yi yadda ake so. Kuma zanen da aka yi ta haka, ko an ƙara masa girma ya kai bangon ɗaki ba ya dushewa, bakinsa na nan a fili kamar yankan sabuwar reza. Da hannun hagu na koyi jan ɗan abin nan da suke ce wa maus. Na sha wuya. Ragon da na fara zanawa, da na nuna wa Baba, ya daɗe yana dubawa sannan ya ce, "Wannan in aka yi layya da shi sai an sake, jaki ne." Ranar na fara yin dariya tun bayan rasuwarki.

Da ƙaramar Sallah na haɗa katin gaisuwa: jinjirin wata a sama, rumbunmu a ƙasa, zangarniyar gero ta zagaye kalmomin Barka da Sallah. Na tura wa dangi, su ma suka tura wa wasu. Yaya Sani, da har yanzu yake sayar da wake a Dawanau, ya buga shi babba ya rataya a rumfarsa. Shi ne ya dawo mini da labarin cewa a shagon da aka buga masa akwai injin da yake yanka sitika, kuma irin wannan zanen nawa yake bi ya yanka. Ina jin haka na gane abin. Aikin da reza take yi ke nan.

Na zauna na zana duk ƙunshin da kika koya mini, da sawun tattabara, da ganyen zogale, da wannan mai sarƙa da kike yi wa amare a dunduniya. Na ƙara na Babbar Sallah, wata da tauraro a tsakiyar tafin hannu. Sai na yi gaggawa, na aika wa matan unguwa cewa bana akwai ƙunshi a gidanmu. Labari ya kai Zakirai inda Zulai take aure, ta ce za ta zo da ƙawayenta.

Ana saura 'yan kwanaki Sallah Yaya Sani ya kawo yankan farko. Na ɓare ɗaya, ya yage. Na ɓare wani, ganyen ya biyo takarda ya bar rami. Haka duka. Inna, a raina na ga matan nan sun cika gida sun zuba mini ido, ni kuma ba abin da zan ba su. Na ce wa Binta gara in aika a ce na fasa. Ta hana ni, ta ce mu fara jin ta bakin mai injin.

Mutumin ya turo saƙon murya. Ya ce, "Hajiya, zanenki ya yi kyau, amma inji bai san kyau ba, layi yake bi. Inda ba ki rufe ba, shi ma ba zai rufe ba. Kuma waɗansu wuraren sun yi siriri da yawa." Sai na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, na riƙa jawo zanen kusa har ɗigo ɗaya ya zama kamar ƙwayar wake. Ashe kuwa gaskiyarsa, ga bakunan layi nan a buɗe, ido ba ya ganin su daga nesa. Na bi su ina haɗawa, na ƙara wa reshe kauri. In caji ya ƙare a kai wa mai sola, in zauna ina jira kamar mai jiran haihuwa. Da na gama na tura wa Yaya Sani a sake yankawa.

Ranar jajibiri da hantsi mata har sun fara shigowa, an kwaɓa lalle, Yaya Sani bai iso ba. Ina gaisawa da mutane amma kunnena yana waje. Can sai ga shi a motar wake, ya miƙo mini leda. Na yi bismillah na ɓare na farko. Ya taso gaba ɗayansa, ko ganye ɗaya bai yage ba.

Na liƙa da hagu, na danne da dama, na shafa lalle a kai. Shafa lalle kuwa ba ya gagarar mai rawar hannu. Zulai na fara yi wa. Da la'asar da aka kankare aka cire sitikar, sawun tattabara ya fito ja wur, a tsaye, kamar ke kika yanka. Ta ɗaga hannun sama tana juya shi, ƙawayenta suka rangaɗa guɗa. Ni kuwa na shige ɗakinki na jingina da bango. Ban yi kuka sosai ba. Wani dogon numfashi na sauke, irin wanda mutum yake yi in ya ajiye dami bayan doguwar tafiya.

Da kowa ya samu, Binta ta kama hannuna na dama ta ce saura ni. Na so in janye, don na saba ɓoye shi a cikin hijabi, ta ƙi saki. Washegari bayan an sauko daga Idi na kai wa Baba ruwa kafin a yanka rago. Ya karɓi kofin, ya tsaya yana kallon hannun da wata da tauraro a tafinsa. Ya ce, "Da tana nan, da yau sai ta zagaye gari da ke gida gida."

Ba zan ɓoye miki ba, hannun yana nan yana rawa. Har yanzu wani nake ba wa ya zura mini zare a allura. Amma ina da sana'a, Inna. Akwai biki bayan an yi noman farko, an riga an ce ni zan yi wa amarya. Ki kwanta da hankalinki.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarki. Allah Ya saka miki da alheri a kan duk abin da kika koya mini, da wanda na riƙe da wanda na manta. Allah Ya ba Baba lafiya da tsawon rai, Ya yi wa Binta da Yaya Sani albarka, Ya sa in tamu ta zo mu cika da imani, Ya haɗa fuskokinmu a inda babu ciwo. Amin.

Wassalam.

Ni ce autarki,
Rabi