Abba, Juyo Da Wayar Nan

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da sanyin ƙasar da kake da kuma injin naka. Na sa shi a gaisuwar ne don na lura ya zama ɗan gida.

Na rubuta maka a nan inda kowa zai karanta, saboda in na kira ka ba na samun fili. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san a aji huɗu ni da boko muka rabu ba baram-baram ba, kowa dai ya gane ba a yi shi don ɗan'uwansa ba.

Maganar ita ce idona. Likita a Katsina ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin ɗigawa jinkiri kawai yake sayo mini. Na hagu ya riga ya yi sallama. Na dama yana gani kamar mai leƙe ta kafar ƙofa, kafar kuma kullum ƙara tsukewa take. To da wannan 'yar kafar nake son in ga fuskarka, kai kuma duk Juma'a sai ka kira ni ta bidiyo ka haska mini ƙarfe.

Yanzu na san injin nan fiye da yadda na san surukaina. Na san na jirgin sama ne, ya haura shekara ɗari, an ƙera shi kafin yaƙin duniya na farko. Na san silindojinsa a kewaye suke kamar mutane sun zauna cin tuwo. Ka ce sandar tsakiya ce a kafe, injin gaba ɗaya shi ke juyawa tare da farfela, don iska ta sanyaya shi tunda ba lagireto. Ni da na ƙare ƙuruciyata a kan injin niƙa a Zango, da nawa ya taɓa tashi yana juyi da kansa, da malami zan kira, ba makanike ba.

Ka ce da man zurma ake shayar da shi, don shi ne fetur ba ya tsinkawa. Zurmar da nake tugewa a bayan gida! Ka ce injin yana feso man a fuskar matuƙi, ya haɗiya, cikinsa ya ruɗe alhali yana sama. Na ba da wannan labarin a majalisarmu ta ƙofar masallaci, Malam Ilu tela ya yi dariya har ya sake alwala. Ka ce ba shi da totur na kirki, in za a sauka sai a riƙa kashe wuta ana kunnawa. Ka ce daga baya da aka so ƙarin ƙarfi, nauyin juyinsa ya riƙa fizgar jirgi gefe, aka ajiye shi. Turawan da suka ƙera shi sun haƙura da shi, Abba. Kai ne daga Daura ka je gidan adana kayan tarihi kana goge masa fulogi.

Da ka tafi na gaya wa unguwa ɗana yana ƙera jirgin sama. Da na ji gaskiyar aikin, ga malamai suna ta wa'azi kan ƙarya, sai na gyara, na ce yana jinyar kakan jirgi.

Na san inda ka samo ciwon. Kana yaro, in an tashi daga makaranta, sauran yara su tafi ƙwallo, kai ka tsuguna gaban injina kana sauraro har garin niƙa ya rufe maka gira. Mahaifiyarka takan ce, wannan ko a aljihu ka sa shi, sai ya kwance zip ɗin ya ga yadda aka yi.

Amma kai ma ka yi tunani mana. Kai ne ɗan fari, sunan mahaifina gare ka, ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa ɗaukarka a gaban mutane ba. Da wane baki zan ce juyo in gan ka? Sai in ce, yaya injin? Kai kuma da digirinka biyu ka ɗauka da gaske injin nake tambaya. Ka matso da waya har cikin fistin, kana cewa Baba ka gani? Na gani. Babban yatsanka nake kallo a gefen hoton, ina auna ko ka rame.

Ƙanwarka Hadiza ta ce wai ka tara gemu. Ban sani ba. Fuskar da ke kaina ta wanda na raka tasha ce, kuma in kafar nan ta rufe, da ita zan zauna har a kai ni.

To yau na ajiye kunyar, gaban Malam Ilu da duk mai karantawa. Ka zo gida kafin azumi. In ba hali, ranar Juma'a ka fita waje inda rana take, ka juyo da wayar, ka tsaya shiru. Kada ka yi bayanin komai. Zan ɗan daɗe, don sai na bi fuskar a hankali, daga goshi zuwa haɓa.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka a ƙasa da sama, ya sa injin naka ya tashi ranar da kake so. Ni kuma ya bar mini ɗan hasken nan har ka iso.

Naka, mahaifinka,
tsohon mai injin niƙa, Daura.