Laujen Baba a Buhun Shinkafa

Yaya Ajuma,

Gaisuwa daga Kwatano. Ya jikin Inna? Ni lafiya lau, abinci ne dai ba ya shiga.

Aikina a magaza, wato ɗakin ajiyar kaya, shi ne juye shinkafar waje cikin buhunan gida, don 'yan duwan, wato kwastan, ba sa karɓar kuɗin fito kan noman yankinmu. Maigidana ya nemi sunan manomi don takardar asalin kaya, na ba shi na marigayi Baba da gonarsa ta Gaya.

Tun ranar, duk buhun da na farke sai in tarar da ɗanyar laka irin ta fadamarmu. Jiya na tsinci laujen Baba mai karyayyen baki a cikin wani buhu.

Don Allah ki duba rufin zaure inda yake soke shi. In ba ya nan, ki yi wa Baba sadaka, kada Inna ta ji.

Ƙanenki,
Tanko