Gwafar Baba Tanko da Hoton Gauraka

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Ya jikinki, ya Alhaji da yara, ya zaman Fatakwal? Mu nan Sheme lafiya lau, damina ta kankama.

Albishirinki, na koma ɗaukar hoton tsuntsaye, wata takwas bayan shanyewar ɓarin jikin nan. Maƙwabcina Baba Tanko maharbi ne sila. Ya ji ina kewar daji, sai ga shi da zabon daji a kwando, ƙafafu a ɗaure. Ya ce, "Malam, ɗauke shi nan tsakar gida, in ka gama a yi maka farfesu. Mi zai kai ka wahala?"

Na yi godiya, amma raina ya sosu. Wato an gama yanke cewa iyakata ƙofar gida.

Washegari da sassafe na ce ya raka ni fadama. Sau uku ina zama a hanya. Hannun hagu yana karkarwa, kyamara ta ƙi tsayuwa, sai Baba ya saro mani gwafa, na kafa ta a taɓo na ɗora kyamarar. Gauraki biyu suka sauka bakin ruwa. Hotunan farko sun yi dishi-dishi, amma na ƙarshe har gashin tukkunsu ya fito sarai. Ga shi nan cikin ambulan.

Na san za ki yi faɗa. Ina shan magani kan lokaci, kuma ba na yin nisa. Ki sa ni a addu'a, ki gaida Alhaji da yaranki su Maryam. Zabon dai mun cinye shi. Gwafar tana bayan ƙofa, ranar Asabar zan koma.

Ƙaninki,
Sani