Rigar Sanyi a Watan Yuli

8 ga Yuli

Ƙawata Mahuena,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya ke da mutanen gida. Yaya ƙafar Mama? Ni ma lafiyata lau. Kada ki yi mini dariya don na rubuto a takarda. Kin san halina, a littattafan soyayyar da nake karantawa ba a aika saƙon zuciya ta waya.

Har yau ina tuna ranar da aka liƙa sunaye a allon sashenmu na makaranta. Ke kika fara hango nawa kika ƙwala ihu: horon aiki na wata uku a Faransa, ɗalibi ɗaya tak a shekara. Sunanki na bin nawa, wato baɗi naki ne. Ranar mijina Romarik ya ɗaga ni sama a bakin titi, masu babur suna ta yi mana oda. Na ce a raina, irin mijin da ake rubutawa a littafi Allah ya ba ni. Danginsa har anko suka ɗinka don raka ni filin jirgin Kwatano, gwaggonsa ta zuba ruwa a bakin ƙofa tana kuka, sai ka ce ba wata uku zan yi ba.

To, marubutan nan maƙaryata ne, Allah ya shirye su. Ban ga fitilu a bakin kogi ba, ban ga mai miƙo fure ba. Inda aka kawo ni ƙauye ne, shanu sun fi mutane yawa. Da asuba nake zura farin takalmin roba in shiga masana'antar cuku, in wuni ina auna zafin madara. Madam Jiro, mai wurin, ba ta dariya sai cuku ya yi kyau. Amma ta sa na yi mata wagashi, cukun nan irin namu na gida, ta cinye, ta ce in rubuta mata yadda ake yi.

Abin dariya kuwa, da na buɗe akwati, ƙarƙashin garin rogo da busasshen jatan lande da zan kai wa yayan mijina Siriyak, wanda muke ce wa Fofo, wato Yaya, a birnin Liyon, sai ga wata rigar sanyi ta gwanjon kasuwar Misebo, nauyinta ya kai na rago. A watan Yuli! Zafin nan ya kusa na gida. Bawan Allah Romarik, shi ya cusa ta, so ya rufe masa ido, bai san Turai ma tana zafi ba. Na rataye ta a bayan ƙofa, in kewarsa ta dame ni sai in rungume ta.

Ki gaida kowa.

Taki,
Fifame

12 ga Agusta

Mahuena ’yar’uwa,

Ina gaishe ki, ina fatan ruwan bana bai shiga muku ɗaki ba. Jikina lafiya. Zuciya ce sai a hankali.

Ranar Lahadi na kai saƙon Fofo Siriyak. Kin san shi dai a hoto, jingine da motoci, da kwat da tabarau. Motocin mutane ne, ƙawata. Su biyar ne a ɗaki guda, sun raba tsakani da zanin gado. Da takardun wani yake aiki, har sunan wancan yake amsawa. Shekara tara bai taka gida ba, ko jana'izar mahaifinsu ta waya ya kalla. Wannan shi ne gwarzon da ake yi mana gori da shi a gidan surukaina.

Yana cusa gari a baki ya ce, “Amaryarmu, rigar ta yi miki daidai? Ni na ce ya saya mai kauri, sanyin Janairu ba ya wasa.” Na ce wane Janairu, ni da zan koma a Satumba? Ya yi dariya har gari ya sarƙe shi. Wai in bar jirgin ya tafi abinsa. Wai akwai wata tsohuwa da ke neman mai yi mata wanka, in lallaɓa shekara uku ko huɗu, in na samu takarda sai in jawo mijina.

Sai a lokacin na gane ankon nan, na gane kukan gwaggo. Kowa ya sani ban da ni. Rigar da nake runguma ashe ba wauta ba ce, dabara ce.

Na kira Romarik tun daga tashar jirgin ƙasa. Ko kunya bai ji ba. “Haba sheri, masoyiyata, kowa haka yake yi. Digirin cuku wa ya taɓa ƙoshi da shi?” Na tuna masa cewa makaranta ta sa hannu a yarjejeniya da masu masana'antar nan, duk ranar da ɗalibi ya gudu an rufe ƙofar ke nan, ke ma kin rasa naki. Kin san me ya ce? “Mahuena ce ke aurenki?”

Namiji da ƙafafunsa biyu, sau biyu ana hana shi biza, sai ya ɗaura wa matarsa igiya ya jefa ta rijiya don ya ga zurfinta. Ni kuwa da nake kiransa jarumi!

Ba zan ɓoye miki ba, a hanyar komawa na ɗan yi tunanin abin. Na ga kaina a wani gida mai baranda, ina jiran sa a filin jirgi da jar riga. Sai na tuna zanin gadon Fofo Siriyak.

Kada ki faɗa wa kowa tukuna.

Taki,
Fifame

19 ga Satumba

Ƙawata ta gari,

Bayan gaisuwa, na samu amsarki. Na gode da kika ce kada in dubi naki, in dubi aurena. Na dube shi da kyau.

Da ya ga faɗa bai yi ba, sai ya koma zaƙin baki. Makon jiya ya turo mini dogon saƙo, wai ƙauna ta gaskiya ba ta tsoron nisa, wai zai jira ni ko da teku za ta ƙafe. Na kusa yin hawaye, sai na ji maganar kamar na san ta. Daga littafina ya kwafa, mai koren bangon nan da ke kan kabad ɗinmu, daidai inda na ja layi da jan biro. Ko sunan yarinyar littafin bai goge ba a layin ƙarshe. Mutumin da ko ƙarya sai ya aro, shi zan yi wa shekara huɗu ina wanke tsohuwar wani a ɓoye?

Uwarsa ma ta kira, wai in na dawo da wane ido za su kalli unguwa bayan sun yi anko. Na ce, “Mama, zanin bai tsufa ba, a sa shi a tarbe ni.” Ta kashe waya.

Jiya Madam Jiro ta buga hatimi a littafin horona, ta ce a turo mata ɗalibar baɗi, in dai ta iya wagashi. Ki fara koyo. Ki kuma nemi safa masu kauri, takalmin robar nan yana cin diddige. Rigar sanyi kuwa na aika wa Fofo Siriyak ta gidan waya, shi ne mai Janairu.

Jirgina zai sauka Kwatano ranar ashirin da bakwai ga wata, ƙarfe biyar na yamma. Ki zo da tasi. Gidan mahaifiyata a garin Wida zan wuce, ba gidan Romarik ba.

Ki gaida Mama.

Taki har kullum,
Fifame