Ranar da Aka Binne Mama Ina Shimfiɗa Gado

Jambiani, Zanzibar

Yaya Kabula,

Gaisuwa mai yawa. Ya Baba da ƙafarsa? Ya yara, ya kuma haƙurinmu? Allah ya jiƙan Mama.

Na san 'yan uwa a Shinyanga suna cewa aikin gidan Turawa ya sa na manta gida. Ki ji yadda aka yi. Da saƙonki na rasuwar Mama ya iso, na je wurin manajan da ke kula da gidan ina kuka. Ya ce, "Nshoma, mai gida zai sauka jibi. In kin tafi, ki tafi da kayanki gaba ɗaya, mata goma na jiran aikinki a bakin ƙofa." Na tuna 'ya'yana biyu da ke hannunki, sai na zauna.

Ranar da kuka binne ta, ina shimfiɗa gadaje a ɗakuna shida, ina jera furanni a kan matasai. Baturen bai zo ba. Wai matarsa ta ce damina ce, sai wata shekara. Furannin suka bushe, na kwashe.

Kada ki damu da ni, ina ci ina sha. Maganin wanke tafkin wanka ya ɗan tsattsaga mini hannuwa, amma da sauƙi. 'Yarki Holo kuwa, kada ki bar ta ta biyo ni, hotunan gidan da nake turo muku ne suke ruɗinta.

Abu ɗaya nake roƙo, Yaya. In Mama ta kira sunana kafin ta cika, ki gaya mini. In ba ta kira ba ma, ki gaya mini.

Ƙanwarki,
Nshoma