Alhamis Biyu a Rana Ɗaya

Daga Barira, 3 ga Afrilu 1974

Zuwa ga ƙanena Labo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya? Mu dai muna nan cikin fari.

Labo, wane mai hankali ne ya sa rabon dawa a buronku, wato ofishinku na gwamnati, ran Alhamis? Ran nan ne likita ke zuwa garinmu bisa babur da ƙwayar kuturta ta Baba. Likita ya ce wanda ya yi fashi uku zai soke sunansa daga masu karɓar magani. Ku kuma kun ce sai maigida ya zo da ƙafarsa. Baba ya tsage biyu ke nan? Ya riga ya yi fashi biyu don jikokinsa su ci. Na je a madadinsa, aka koro ni kamar akuya. Ka gaya wa kumandan, shugabanku, cewa Baba ubanka ne, a bar ni in karɓa.

Ka huta lafiya.

*

Daga Labo, 10 ga Afrilu

Yaya Barira,

Gaisuwa da girmamawa. Na ga takardarki.

Likitoci hukumarsu daban, mu tamu daban. Mun rubuta musu su sake rana, sun ce mu mu sake. Maganar kumandan kuwa, ki fahimce ni: nan babu wanda ya san ciwon Baba. Tebur ɗaya muke cin abinci da abokan aiki. A yi haƙuri, ana duba lamarin.

Ƙanenki mai biyayya.

*

Daga Barira, 19 ga Afrilu

Labo,

Gaisuwar ke nan.

Jiya Baba ya tafi buronku, kuma likita ya soke sunansa. Kafin ya tafi na roƙi Baba ya zauna, ya ce, "Yatsun da sunka rage ba su kai cikin yara ba."

Tanimu maƙwabcinmu yana bayansa a layi, shi ya ba ni labari. Baba ya ja rawani ya rufe fuska, ya ɓoye hannu cikin riga, ya tsaya gaban teburinka. Ka kira sunansa, ba ka ɗaga kai ba, ka ce, "Na gaba." Wallahi na yi kuka don haushi.

Shi kuwa bai kawo ƙararka ba. Cewa ya yi in gaya maka ka yi ƙiba, ya ji daɗi.

Yayarka.