Marsandin Innarku da Sauran Motocin Rumfa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ni Gambo ɗan Zakariyya, tsohon malamin gona, mazaunin Anka, na rubuta wannan da hannuna, hankalina ƙalau, babu wanda ya tilasta ni. Jiki ne ya gaza. Tun da na dawo daga asibiti a Gusau ƙafafuna suka kumbura, ko kuloci ba na iya takawa, kuma na ga yadda likita ya kawar da ido da na tambaye shi yaushe zan koma tuƙi.

Zuwa gare ku ɗiyana, Mas'ud da Saifullahi da Rufaida.

Gida da gonaki ba ni da ta cewa a kansu. Allah ya riga ya raba gado, ku kira malamai su ba kowa haƙƙinsa. Maganata a kan motoci ukun nan ce da ke rumfar bayan gida, don na san za su jawo magana, ɗayarsu ma ta riga ta jawo.

Na ɗaya. Farar Fijo 504 na ba Rufaida kyauta tun ina raye, a gaban limamin unguwarmu da mijinta Haris. Makulli da takardu suna hannunta, don haka ba ta cikin gado. Ku maza kada ku ga kamar na fifita ta, kowannenku na ba shi fili lokacin aurensa. Tun tana ƙarama, tana cikin ɗaki za ta ji na shigo, ta ce fulogi ɗaya ba ya ci, in duba in tarar haka ne. Ni kuwa ina can ina jiran ɗayanku ya nuna sha'awa, har ta girma aka kai ta ɗakin miji ban taɓa buɗe inji tare da ita ba. Abin yana damuna.

Rufaida, ki tada ta kowace Juma'a ko ba za a je ko'ina ba, ki bar ta ta yi zafi. Kada a zuba mata ruwan rijiya a lagireto, tsatsa yake bari. Baƙin mai kada ki jira sai ya yi kauri. Kafireta kuwa bakanike ɗaya za ki riƙe mata, hannu da yawa shi ke lalata ta. Na sake mata wayoyi gaba ɗaya, na sa mata fanka mai aiki da batir, kujerun kuma a Gummi aka ɗinke su. In kina son ƙara mata na'urar sanyi ki ƙara, ban hana ba. Jikinta dai kada a yanka.

Can dauri, ranar kasuwa sai in tashi da sanyin safiya, in bi ta Daki Takwas, in leƙa Bukkuyum, in ci abincin rana a Gummi, a hanya in tsaya in sha kindirmo wurin Fulani. Yanzu hanya ta zama abin da kuka sani. Motar ba ta taɓa yin lafiya kamar ta yau ba, amma iyakarta masallaci da kasuwa.

Na biyu. Tsohuwar a-kori-kura, Fijo 404, na yi wasiyya da ita cikin sulusin dukiyata ga mutanen Sunke. A damƙa ta ga mai unguwa, don ɗaukar marasa lafiya da mata masu naƙuda. Shekarar da gubar dalma ta faɗa wa yaransu, ita ta yi ta jigila tsakanin ƙauyen da Anka. Na shimfiɗa tabarmi a bayanta, iyaye mata suna rungume da ɗiyansu, ni kuma ina lallaɓa ramuka don kada a girgiza su. Wasu na mayar da su gida a zaune, wasu a naɗe cikin zane. Tun daga nan ban ƙara iya loda mata taki ko hatsi ba. Birkinta sabo ne, tayoyin gaba ma haka. A gaya wa wanda zai tuƙa cewa giya ta biyu tana fita a gangare, sai ya dafe ta da hannu.

Na uku, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro. Baƙar Marsandin nan ba tawa ba ce. Ta kakanku ce na Gummi, mahaifin Innarku Saude, kuma a cikinta aka kawo ta Anka tana amarya. Bayan rasuwarsa aka yasar da ita ƙarƙashin tsamiya, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Da aka raba gado Innarku ta ce ita motar take so. 'Yan'uwanta suka yi mata dariya, muka ɗaure ta da sarƙa muka jawo ta har gida.

Buri ɗaya gare ta, ta shiga motar nan ta koma Gummi ta gaida yayarta Laraba. Na kankare tsatsa, na kai aka yi walda, na yi fenti, na ɗinke rufin ciki. Inji ne ya tsaya min. Fistin ɗinsa sun ci, ni kuma na dage sai na asali, irin wanda aka haife ta da shi. Na aika Kano, na aika Kaduna, abin da aka kawo bai hau ba, na sake aikawa. Makanikai suka ce in ɗora mata injin Japan, cikin mako guda ta hau titi. Na ce wannan cin mutuncin mota ne. Wata rana Innarku ta tsaya bakin rumfa, ta daɗe tana kallona da sifana a hannu, ta ce, "Malam, ni fa ba injin zan hau ba, kujera zan hau." Na yi dariya, na ce ta ƙara haƙuri zuwa bayan damina. Damina ta wuce, wata ta zo, zazzaɓi ya ɗauke ta. Motar tana nan a kan duwatsu, tana sheƙi, ba ta taɓa fita ƙofar gida ba.

To ga abin da ya faru ina kwance a Gusau. Saifullahi ya sayar wa 'yan gwangwan mataccen injin, ya sayo na Japan, yana so in dawo in tarar da ita tana tafiya. Mas'ud ya ji, ya tare shi a taron suna, ya kira shi ɓarawo a gaban surukansa. Tun daga ranar ba ku ƙara sa hannu a kwano ɗaya ba, matanku ma sun daina gaisawa. Kuna zuwa duba ni, ɗaya sai ya leƙo ya ga babur ɗin ɗaya ba ya ƙofa sannan ya shigo. Ina lura.

Saifullahi, ka yi kuskure da ba ka yi shawara ba, domin motar ta ku ukun ce, kuma yayanka yayanka ne. Ka je ka same shi har gida. Mas'ud, kalmar da ka faɗa ta fi injin nauyi. A gaban mutane ka faɗe ta, a gaban mutanen nan za ka janye ta. Na san don ni ka yi fushi, ka taso kana jin ina cewa na asali, na asali, ka ɗauka abin da zan so ke nan. Ka ji daga gare ni yau, injin da ƙanenka ya sayo shi ya kamata in saya tun Innarku tana da rai.

Rabon da na gada a motar a matsayin mijin Innarku na bar muku. Ku ɗora injin tare. Sai an gyara mazauninsa, an haɗa shi da giya, kuma shi zai fi tsohon zafi, don haka ku nemi lagireto babba. Aiki ne da mutum ɗaya ba zai iya ba, dole wani ya riƙe sarƙa wani ya daidaita. Ku kira Rufaida ranar da za a tada shi, ta saurara muku. In ta tashi, ku jira lokacin da hanya ta lafa, ku tambayi direbobin tasha, ku fita da rana tsaka ku kai wa Laraba ita. Ta tsufa, idanunta sun yi rauni, amma za ta gane ƙofar motar babanta in ta shafa. Ku zaunar da ita a baya ku zaga da ita gari. In hanya ba ta lafa ba kada ku kuskura, ranku ya fi.

Na huɗu. Ƙugiyar ɗaga inji da ke rataye a rumfa ta Bello mai walda ce, aro na yi. In kun gama da ita ku mayar masa, ku roƙa min gafarar daɗewar da ta yi. Kayan da ke ɗakin ajiya, fitilu da gilasai da kafireta biyu, kada a auna su a sikeli. Akwai masu riƙe da tsofaffin Fijo a Bukkuyum da ke neman irinsu ido rufe, ku ba su. Akwatin sifanu ya bi farar mota.

Ban san ko zan ga ƙarshen wannan aiki ba, kuma ba na so ku yi gaggawa don ni. Ku shirya tukuna, inji ya biyo baya.

Na yafe muku duniya da lahira, ku ma ku yafe min. Allah ya yi muku albarka, ya shirya zuriyarku, ya tsare ku a hanya da gida. Allah ya jiƙan Saude, ya haɗa mu a inda babu jira. Mas'ud, kai ne babba, gidan nan a wuyanka yake. Kada ka bari a ja katanga a tsakiyarsa, kada Rufaida ta zo ta rasa ɗakin sauka. Ranar sallah ku ci abinci a zaure ɗaya, ku da ɗiyanku, ko da ranku a ɓace yake.

Mahaifinku,
Gambo Zakariyya, Anka.